ZAUREN SHAWARA: Kafin a sayi gida a tsibirin Kubrus

 

A wannan karo zaurenmu zai yi nisa da gida, har gabashin tekun Bahar Rum, saboda wata wasiƙa da ta zo mana daga wani dattijo ɗan kasuwa a Kumasi. Ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa, mun kuwa amince. Ɗansa yana karatu a wata jami'a a arewacin tsibirin Kubrus, wanda Turawa ke kira Saifurus, ya kuma turo masa hotunan waɗansu sababbin gidaje a bakin teku, ga wurin ninkaya, ga farashin da Alhaji ya ce bai kai na gida mai kyau a wasu unguwannin Akra ba. Dillali ya gaya wa yaron abu uku: kuɗin haya zai mayar wa mai gida da uwar kuɗinsa, mai gida zai sami takardar zama, kuma daga nan ƙofar Turai a buɗe take. An ba su zuwa ƙarshen wata su aika da kafin alƙalami, in ba haka ba a sayar wa wani. Tambayar Alhaji ita ce, ya aika ko ya dakata?

Amsarmu ita ce ya dakata. Da yake kuma mun san ba shi kaɗai ne ake nuna wa irin waɗannan hotuna a waya ba, mun ga ya dace mu baje maganar a fili domin kowa ya amfana. Ba mu hana kowa sayen gida a ƙasar waje ba, baƙi da yawa sun saya a Kubrus suna zaune lafiya. Abin da muke so a riƙe shi ne, a wannan tsibiri ƙasar da aka yi ginin a kanta ita ake fara bincikawa, daga baya a zo kan gini da farashi.

TSIBIRI ƊAYA, HUKUMA BIYU

Kubrus shi ne tsibiri na uku a girma a tekun Bahar Rum, bayan Sisili da Sardiniya, faɗinsa murabba'in kilomita 9,251. Daular Usmaniyya ta Turkawa ta riƙe shi daga 1571 zuwa 1878, sannan Ingila ta karɓa har ya sami mulkin kai a watan Agusta na 1960. Mutanensa kashi biyu ne, Girkawa Kirista waɗanda su ne masu rinjaye, da Turkawa Musulmi. A da a cuɗe suke zaune a garuruwa da ƙauyuka, sai rikici ya ɓarke tsakaninsu, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta kai sojojin kiyaye zaman lafiya a 1964.

Ranar 15 ga Yuli, 1974, aka yi wa shugaban ƙasar, Makariyos, juyin mulki da goyon bayan gwamnatin soja ta Girka. Bayan kwana biyar sojojin Turkiyya suka sauka a arewa, kafin ƙarshen Agusta sun kama fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsibirin. Girkawa kimanin 160,000 suka bar gidajensu da gonakinsu a arewa suka gudu kudu, Turkawa fiye da 40,000 kuma suka bar nasu a kudu suka koma arewa. A watan Nuwamba na 1983 arewa ta ce ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, amma ban da Turkiyya babu ƙasar da ta amince da ita, kuma Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce wannan shela ba ta bisa doka. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai zirin ƙasa mai tsawon kilomita kamar 180 a hannun sojojin Majalisar, wanda ya ratsa ta tsakiyar Nikosiya, babban birnin ƙasar.

A watan Afrilu na 2004 an yi ƙuri'ar raba gardama a kan shirin Kofi Annan na sake haɗe tsibirin. Turkawa suka amince, Girkawa suka ƙi. Bayan mako guda, ranar 1 ga Mayu, Jamhuriyar Kubrus ta shiga Tarayyar Turai a rabe, aka kuma rubuta cewa dokokin Tarayyar ba za su yi aiki a arewa ba sai an sasanta. Saboda haka kudu tana kashe yuro tun 2008, arewa kuma lirar Turkiyya, ko da yake gidaje a can da fam na Ingila aka saba yi musu kuɗi. Duk wanda aka kawo wa tallar gida a Kubrus, tambayarsa ta farko ita ce, a wane gefen layi gidan yake? Larnaka da Limasol da Fafos suna kudu. Kireniya, wadda Turkawa ke kira Girne, da Iskele da tsohon garin Famagusta suna arewa.

ƘASAR WA AKA YI GININ A KANTA?

Mu a nan Gana ba baƙin wannan magana ba ne. Mun sha ganin fuloti ɗaya an sayar wa mutum uku, mun kuma san takardar da sarki ko dangi suka ba mai saye daban take da rajistar Hukumar Ƙasa. To, a arewacin Kubrus matsalar ta fi haka zurfi, domin hukumar da ke ba da takardar ita kanta kotunan Turai ba su yarda tana da ikon kashe haƙƙin mai ƙasa na asali ba.

Mafi yawan filayen jama'a a arewa na Girkawa ne kafin 1974. Takardar mallaka a can sunanta kocan, kuma iri-iri ce. Akwai ta filin da tun kafin 1974 na Baturke ne ko na wani baƙo, wannan ita ce mai ƙarancin rigima, ita ce kuma mafi tsada. Akwai ta musaya, wadda aka bai wa Turkawan da suka baro dukiyarsu a kudu, aka ba su filin Bagirke a maimakonta. Akwai kuma wadda ake kira tahsis, wato filin da hukumar arewa ta raba wa mutanen da suka zo daga Turkiyya da tsofaffin mayaƙa. Waɗannan biyu na ƙarshe, a littafin ofishin ƙasa da safiyo na kudu har gobe sunan mai shi na farko ne a rubuce, ko na magadansa. A shekarar 1996 kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta yanke hukunci a shari'ar wata mata 'yar Kireniya cewa filinta yana nan nata, kuma a ƙarshen 2003 Turkiyya ta biya ta diyya fiye da yuro miliyan ɗaya saboda hana ta amfani da shi.

Ga labarin da ya kamata kowane mai saye ya sani. A shekarar 2002 wani Bature ɗan Ingila da matarsa suka sayi fili a garin Lafitos kusa da Kireniya, suka gina gidan da za su huta a cikinsa bayan sun bar aiki. Da aka buɗe hanyar ƙetara layi a watan Afrilu na 2003, mai filin na asali, wanda iyalinsa suka gudu a 1974, ya je ya tarar da gida a gonarsu. Ya kai ƙara kotun Nikosiya, a 2004 kotu ta ce su rushe gidan, su mayar masa da filinsa, su kuma biya shi diyya. Da ya ga ba za a iya zartar da hukuncin a arewa ba, sai ya bi su Ingila inda dukiyarsu take. Lauyar da ta tsaya musu ita ce matar firaministan Ingila na lokacin, Tony Blair, sun kuma yi nasara a zagayen farko a 2006. Amma a watan Afrilu na 2009 babbar kotun Tarayyar Turai ta ce dole a girmama hukuncin kotun Nikosiya a sauran ƙasashen Tarayyar, a watan Janairu na 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta bi bayanta. Haka suka tattara suka bar gidan. In mai irin wannan gata ya rasa gida, ina ga ɗan kasuwar zango da ke aika kuɗi daga nesa?

Har ila yau, tun 2006 dokar laifuffuka ta Jamhuriyar Kubrus ta ce duk wanda ya sayar, ko ya saya, ko ya ba da haya, ko ya yi tallar fili ba da yardar mai shi na asali ba, ana iya ɗaure shi har shekara 7. An daɗe ba a matsa a kan dokar ba, amma daga 2024 aka fara kama mutane, kuma a 2025 kotun Nikosiya ta ɗaure waɗansu mata biyu 'yan ƙasar Hangare saboda tallar irin waɗannan gidaje. A nan muna jan kunnen ɗaliban da dillalai ke yi wa alkawarin la'ada in sun kawo mai saye daga gida. Yaron da ya ɗora hoton gida a Facebook yana neman mai saye, a idon dokar kudu ya shiga cikin masu talla.

Gaskiya ne akwai wata hukuma da aka kafa a arewa, wadda ta fara aiki a 2006, mai karɓar koken Girkawa masu filaye tana biyan su diyya, kuma a 2010 kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta amince da ita a matsayin hanyar neman haƙƙi. Filin da aka biya mai shi diyya ta wannan hanya ya sallama, matsayinsa ya bambanta. Amma in dillali ya ce an biya, sai a ce ya kawo takardar, domin baki shi ke yanka wuya. Kuma don kada a ce mun karkata gefe ɗaya, a kudu ma akwai gidaje da gonakin Turkawan da suka gudu, waɗanda dokar 1991 ta sa a hannun ministan harkokin cikin gida a matsayin mai riƙo. Su ma ba a sayen su sai da amincewarsa.

KUDU MA TANA DA NATA RAMIN

To, in mutum ya ce shi kudu zai saya fa? A nan babu rigimar amincewar duniya, amma akwai matakan da in aka tsallake ɗaya sai a yi da-na-sani.

Da farko, wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba sai ya nemi izinin hukuma kafin a rubuta gida da sunansa. Dokar ta ce izinin majalisar ministoci, amma ofishin jami'in gunduma ne ke bayarwa a madadinta. Ana yarda da gidan zama, ko ɗakuna a gidan bene, ko fili da bai wuce kimanin murabba'in mita 4,000 ba. Wannan ba abin mamaki ba ne a wurinmu, tun da tsarin mulkin Gana na 1992 ma ya hana baƙo mallakar ƙasa har abada, sai dai haya da ba ta wuce shekara 50 ba.

Na biyu shi ne ramin da ya fi cinye baƙi. Kamfanin gini yakan kai filin banki jingina ya ci bashi, ya yi gini, ya sayar da ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Mai saye ya biya kuɗinsa duka, ya karɓi makulli, ya tare, amma takardar mallaka ba ta fito ba, domin filin yana hannun banki, ko kuma ginin ya saɓa wa zanen da aka amince da shi, hukuma ta ƙi ba da takardar shaidar kammalawa. Da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a 2013 kamfanoni suka kasa biyan bashi, dubban masu saye, 'yan ƙasa da baƙi, suka wayi gari banki yana da haƙƙi a kan gidan da suka riga suka biya. Majalisa ta yi doka a 2015 domin ta fid da su, a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki, aka sake komawa gyara. Wanda bai shiga ba tukuna, ya fi masa sauƙi ya ƙi shiga.

Maganin wannan abu huɗu ne. Mutum ya ɗauki lauyansa na kansa, mai rajista da ƙungiyar lauyoyin ƙasar, wanda shi zai biya shi. Lauyan da kamfani ko dillali ya kawo a kyauta, wanda ke ciyar da shi zai yi wa aiki. Sannan lauyan ya nemo takardar bincike daga ofishin ƙasa da safiyo, wadda ke nuna sunan mai fili da duk wata jingina ko ƙara da ke kansa. Tun watan Disamba na 2023 doka ta wajabta wa mai sayarwa ya haɗa wannan takarda da yarjejeniyar ciniki, kuma kada ta wuce kwanakin aiki 5 da fitowa. Na uku, a ga izinin tsara gari da izinin gini da ido. Na huɗu, da zarar an sa hannu a kai yarjejeniyar ofishin ƙasa a ajiye. Doka ta ba da wata 6, amma mai hankali ba ya bari mako ya zagayo, domin wannan ajiya ita ce ke hana mai sayarwa ya sake sayar wa wani, ita ce kuma ke ba mai saye ikon kai ƙara a tilasta a rubuta gidan da sunansa. Gidan da ya riga ya sami takardar mallaka tasa ta kansa ya fi duka kwanciyar rai, ko da ya ɗan fi tsada. In kuma gidan ba a gama shi ba, a rubuta cewa biya zai riƙa bin aiki, hawa-hawa, a kuma riƙe wani abu har sai an miƙa takarda.

KUƊIN DA BA A RUBUTA A TALLA BA

Farashin da ke jikin hoto ba shi ne ƙarshen lissafi ba. A kudu sabon gida yana da harajin VAT kashi 19 cikin 100. Ana rage shi zuwa kashi 5 ga wanda zai zauna a gidan da kansa, amma bisa ƙa'idar 2023 rangwamen ya tsaya a kan murabba'in mita 130 na farko da yuro 350,000 na farko, kuma gidan duka kada ya wuce mita 190 ko yuro 475,000. Wanda ya ci wannan rangwame ya sayar ko ya sa 'yan haya kafin shekara 10, sai ya mayar wa hukuma da wani kaso. Tsohon gida ba shi da VAT, amma yana da kuɗin sauya suna: kashi 3 a kan yuro 85,000 na farko, kashi 5 daga nan zuwa 170,000, kashi 8 a kan abin da ya haura, sannan a yafe rabi. An soke harajin gida na shekara-shekara na gwamnatin tsakiya tun 2017, amma akwai kuɗin ƙaramar hukuma, da na shara, da na magudanar ruwa, da kuɗin kula da gidan bene da mazauna ke haɗawa. Ranar da aka tashi sayarwa kuma akwai harajin kashi 20 a kan riba.

Kuɗin sayen ta banki za su bi, bankin kuma zai tambayi inda aka samo su. Ɗan kasuwar da duk cinikinsa hannu da hannu ne, ba rasit ba littafi, ya fara shirya takardunsa tun daga gida. Kada kuma a tara kuɗi masu yawa a bankin can ana jiran ciniki. A watan Maris na 2013 aka rufe banki na biyu a girma a ƙasar, masu ajiyar da ta haura yuro 100,000 suka yi asara mai tsanani, domin iyakar abin da doka ta lamunce wa kowane mai ajiya ke nan.

GIDA DABAN, IZININ ZAMA DABAN

Yanzu sai alkawarin dillali na biyu da na uku. Mai gida a arewa yana iya samun takardar zama, amma ta arewa ce kaɗai, ba ta kai mutum Jamus ko Faransa, ba ta ma ba shi izinin zama a kudu. Jiragen da ke sauka a filin jirgin Erjan na arewa ta Turkiyya suke biyowa, kuma gwamnatin kudu ba ta ɗauki wannan filin a matsayin halattacciyar ƙofar shiga ƙasa ba. Ƙofofinta su ne filayen jirgin Larnaka da Fafos da tashoshin ruwan da ta amince da su. 'Yan Afirka da yawa da aka ruɗa da cewa arewa Turai ce sun ƙare a sansanin masu neman mafaka bayan sun ƙetara layi a ɓoye. A watan Agusta na 2020 shugabar hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙasashen waje, Abike Dabiri-Erewa, ta fito fili ta gargaɗi iyaye game da tura yara karatu arewacin Kubrus.

A kudu akwai hanyar samun izinin zama na dindindin ta sayen gida. Bisa ƙa'idar da aka sabunta a watan Mayu na 2023, sai gidan ya zama sabo, an saye shi daga kamfanin gini, kuɗinsa bai gaza yuro 300,000 ba ban da VAT. Sannan mutum ya nuna yana samun aƙalla yuro 50,000 a shekara daga wajen ƙasar, a ƙara 15,000 saboda mata, da 10,000 saboda kowane ƙaramin yaro. Ana neman shaidar 'yan sanda cewa ba a taɓa kama shi da laifi ba, da inshorar lafiya. Takardar ba ta neman aikin albashi ba ce, kuma wanda ya yi shekara 2 bai leƙa tsibirin ba sai ta mutu. Har zuwa ƙarshen 2025 Kubrus ba ta cikin yarjejeniyar Shengen, wato mai wannan takarda sai ya nemi biza kafin ya shiga Italiya ko Jamus.

Fasfo kuwa, wanda ya ce zai samo muku ta sayen gida ƙarya yake yi. A da an yi hakan, amma bayan gidan talabijin na Aljazira ya tona asirin yadda ake cinikin a 2020, kakakin majalisar dokokin ƙasar ya ajiye aiki, aka rufe shirin ranar 1 ga Nuwamba na wannan shekara. Tsibirin Malta da ya ci gaba da nasa, babbar kotun Tarayyar Turai ta haramta shi a watan Afrilu na 2025. Abin da ya rage shi ne hanyar kowa da kowa: bisa gyaran dokar 2023, shekara 8 na zama a ƙasar bisa ƙa'ida, da cin jarrabawar harshen Girkanci.

ZAMAN YAU DA KULLUM

Wanda ya tsallake duk waɗannan ya tare, zai tarar da ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa. A Yuli da Agusta zafin Nikosiya yakan haura digiri 40, a lokacin sanyi kuma ƙanƙara takan rufe duwatsun Turudos. A 2008 fari ya yi tsanani har sai da aka yi jigilar ruwan sha da jiragen ruwa daga Girka. Kudu ta dogara da madatsun ruwa da injunan tace ruwan teku, arewa kuma da bututun da aka shimfiɗo ta cikin teku daga Turkiyya a 2015. A tambayi maƙwabta yadda famfo yake a bazara, a duba tankin gidan. Mai sha'awar gida a ƙauyukan tudu ya tuna da gobarar daji, wadda ta kashe mutane a 2021 da 2025, ya yi wa gidansa inshora.

Mota a hannun hagu ake tuƙa ta, gadon Ingila, kamar yadda muke yi a nan kafin Agustan 1974. Turanci yana fid da mutum a banki da ofis, amma maƙwabtaka sai da ɗan Girkanci a kudu ko Turkanci a arewa. A kudu ana cin naman alade sosai, don haka a tambaya kafin a saya, akwai mahauta Musulmi a manyan garuruwa. Masallacin Umariyya a kudancin Nikosiya yana tara baƙi ranar Juma'a. Kusa da filin jirgin Larnaka kuma, a bakin tafkin gishiri, akwai masallacin Hala Sultan, inda kabarin Ummu Haram 'yar Milhan yake, matar sahabi Ubada ɗan Samit, wadda ta rasu a tsibirin a zamanin halifancin Sayyidina Usman, Allah ya ƙara musu yarda.

Akwai maganar da ba a son yi amma dole a yi ta, wato gado. Kubrus ta soke harajin gado tun shekarar 2000, sai dai tana da nata tsarin rabo wanda ya bambanta da na Musulunci, kuma mai 'ya'ya ba ya iya yin wasiyya da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukiyarsa. Tun 2015 dokar Tarayyar Turai ta ba baƙo dama ya rubuta a wasiyyarsa cewa dokar ƙasarsa yake so a bi. Mai mata fiye da ɗaya ya zauna da lauya tun da wuri, domin dokar can mace ɗaya ta sani. Kada kuma a rubuta gida da sunan ɗa ɗaya don neman sauƙi, a bar sauran 'yan'uwa da shari'a a ƙasar da ba su taɓa gani ba.

Mu koma kan Alhaji. Shawararmu ita ce ka rubuta wa dillalin ka nemi abu uku: hoton kocan ɗin filin, da lambar fulotin, da sunan wanda ya mallake shi kafin 1974. Ka ba lauyan da ka ɗauka da kanka ya bincika a ɓangarorin biyu. In dillali ya fara kwana-kwana yana cewa lokaci zai ƙure, ka bar shi ya sayar wa wani. In kuwa abin da ya dame ka shi ne wurin kwanan yaro, haya ta ishe shi har ya gama karatu, kuma ka ce masa ya fita daga harkar talla. Ranar da ka ƙudura sayen gida da gaske, ka nemi biza ka je da ƙafarka, ka yi haya ka ga bazarar wurin da sanyinsa, domin zuwa da kai ya fi aike. Dokokin da muka lissafa kuma suna canzawa, na arewa ma an yi musu babban gyara a 2024, saboda haka a sake tabbatar da kowace ƙa'ida a ranar da za a sa hannu.

Masu tambaya su ci gaba da aiko da wasiƙunsu ta ofishin wannan mujalla, za mu amsa gwargwadon iko. Allah ya tsare mana dukiyarmu da 'ya'yanmu da ke ƙasashen waje, ya sa mu gama lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.